Wayin ɗin da Aka Ajiye wa Fasto

Kwalbar ta daɗe a cikin kabad ɗin gilashi na falonmu a Kafanchan, tsakanin farantan da ba a cin abinci a cikinsu da kofunan da aka raba a bikin wata malama. Ni ce mai goge kabad ɗin kowace Asabar, saboda haka na fi kowa saninta. Baƙa ce, gajera, mai kauri. An rufe bakinta da jan kaki wanda ya zubo ta gefe ɗaya ya daskare kamar na kyandir. A jikin takardarta akwai hoton gangar katako, a ƙarƙashin hoton kuma wata doguwar kalma ta Turanci, wadda in ka raba ta biyu za ka sami sha'ir a farko, wayin a ƙarshe.

Kawuna, ƙanen Mama, shi ya kawo ta daga ƙasar waje inda ya je kwas. Wani abokin karatunsa ne ya ba shi, shi kuma bai buɗe ba, ya haɗa ta da sabulai da turare ya ba yayarsa tsaraba. Mama ta karanta gaban kwalbar ta ce, "Sha'ir ai da shi ake yin molt. Wayin kuma wayin ne."

A wurinmu in an ce wayin, ana nufin ruwan inabin nan mai zaƙi da kumfa da ake buɗewa a biki, murfin ya yi tsalle, yara su yi ihu, kowa ya sha har matar fasto. Ba a taɓa jin wanda ya bugu da shi ba. Mama ta ɗauka wannan ma irinsa ne, sai dai na Turawa, an haɗa shi da molt don ƙarin lafiya. Ta sa shi a kabad ta ce ba na kowa ba ne, sai babban baƙo.

Bara na shiga ajin baftisma. A majami'armu, ranar da za a ci Jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabi na tunawa da Almasihu, ana sallamar waɗanda ba a yi wa baftisma ba kafin a buɗe farin ƙyallen da ke kan tebur. Ni doguwa ce, na fi wasu malamanmu mata tsawo. Duk ranar Jibi sai in tashi in bi layin ƙananan yara zuwa ƙofa, kaina a sunkuye, ina jin takalmina yana ƙara a kan siminti. Abin da nake so ke nan ya ƙare. An sa baftisma lokacin Kirsimeti, a rafi. Amma kafin a karanta sunayen waɗanda suka cancanta, Fasto da ɗaya daga cikin dattawan ikilisiya sukan zaga gidajen 'yan aji, su zauna da iyaye, su yi wa yaro tambayoyi. Ɗaya daga cikin tambayoyin kowa ya san ta: ko ka taɓa shan giya.

A nan ne nake da abin ɓoyewa.

Kakata, mahaifiyar Mama, tana Kagoma, kuma burkutu take dafawa. Tana yi don ranar kasuwa, tana yi wa masu gayyar noma. Mama malamar firamare ce, tana kuma cikin masu jan waƙa a zumuntar mata ta majami'a. In aka tambaye ta sana'ar tsohuwarta sai ta ce, "Tana ɗan sayar da kunu a ƙauye." Na ji ta faɗi haka sau da yawa, kuma duk lokacin sai ta gyara ɗankwalinta, ko da bai zame ba.

Abin da ko Mama ba ta sani ba shi ne, tun wani zazzaɓi da Kaka ta yi, harshenta ya daina jin ɗanɗano. Gishiri da sukari duk ɗaya ne a bakinta. Sauran aikin hannunta ya san shi: jiƙa dawa, barinta ta tsiro, shanya, niƙa, dafawa a manyan tukwane a bayan ɗaki. Amma ko ya kai a fitar ko bai kai ba, wannan sai harshe. To duk hutun da na je, sai ta kira ni bayan ɗaki, ta tsoma ɗan ludayi ta miƙo mini.

"Taɓa mini, 'yar boko. Ya tashi?"

Sai in kai bakina, in juya shi a kan harshe, in tofar a gindin rumbu. In ce mata da sauran zaƙi, a bar shi. Ko in ce tsami ya fara shiga, a fitar yau. Takan tsaya da hannu a ƙugu tana jiran abin da zan ce, kuma abin da na ce shi take yi. Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu, a bayan ɗakin nan kaɗai ake jiran maganata. Ina tofarwa kullum. Da wannan na riƙa lallashin kaina a ajin baftisma: taɓawa ba sha ba ce. In Fasto ya zo kan maganar giya, sai in sa ido a kan tururuwan da ke bin gindin benci har ya wuce.

Ranar da Fasto da dattijon za su zo gidanmu Asabar ce, lokacin haƙar citta, ko'ina a bakin hanya an baza ta tana bushewa. An kawo wuta tun safe. Mama ta dafa shinkafa da kaza, sannan ta buɗe kabad ta fito da kwalbar ta sa a firiji.

"Yau ga babban baƙo," in ji ta.

Da la'asar suka iso a kan babur ɗin Fasto. Fasto mutum ne mai sanyin murya, ranar kuma yana fama da mura, hankici a hannunsa. Dattijon da ya rako shi tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, mai son barkwanci, wanda kowa "ka" ne a bakinsa, mace ko namiji. Na durƙusa na gaishe su, na koma gefen ƙofa na tsaya. Bayan sun ci abinci Mama ta yi mini ido, na kawo tire da kofuna biyu na gilashi da kwalbar, tana naso saboda sanyi.

Da wuƙa Mama ta yanke kakin. Murfin bai yi tsalle ba, ɗan huci kawai ya yi. Abin da ya zubo baƙi ne mai ja-ja, kamar zoɓon da aka bari ya jiƙu da yawa, yana da kauri, kumfarsa siririya ta kwanta nan da nan.

"Kawunta ne ya kawo daga waje," Mama ta ce. "Wayin ne da molt a haɗe. Tun da aka kawo na ce sai Baba Fasto."

"Kai, Malama, kin girmama mu," in ji Fasto. Ya kai hannu.

"Tsaya tukuna, Fasto," Dattijo ya ce. "A garinmu wanda ya kawo abin sha shi ne yake fara kai wa baki. Yarinya, zo ka buɗe mana hanya."

Mama ta yi dariya. "Baba, ai mun bar waɗannan abubuwa tun tuni."

"Wannan ba tsafi ba ne, Malama, ladabi ne. Kuma yarinyan nan tun da muka shigo bai ce komai ba sai sannu. Bari mu ga ko yana da baki."

Duk suka yi dariya. Mama ta ɗauko ƙaramin kofin shayi ta zuba mini kaɗan. Na karɓa da hannu biyu.

Sanyin firiji ya danne ƙamshin, sai da kofin ya zo daf da hancina na ji wani abu ya motsa a cikinsa. Amma idanu shida suna kaina, na kai baki.

Sanyi ne ya fara zuwa. Bayansa zaƙi mai nauyi, kamar dabinon da aka jiƙa, kamar sukarin da ya kama gindin tukunya ya kusa ƙonewa. Na ji busasshen inabin da ake sa wa kek ɗin Kirsimeti. Na ji katako, irin ƙamshin shagon kafinta in ana fere sabon benci. Can ƙarshen harshe wani ɗaci ya taso a hankali, mai kama da na goro. A Kagoma nan ne zan juya in tofar. A falon Mama, gaban Fasto, kan ledar ƙasa sabuwar gogewa, babu gindin rumbu. Na haɗiye.

Sai zafin ya sauka. Ya bi maƙogwarona ya shiga ƙirji ya bazu, ya hau har kunnuwana. Ban taɓa jin irinsa ba, amma na san danginsa. Duk abin da Kaka ta taɓa miƙo mini a ludayi, yaro ne a gabansa.

"Yaya?" in ji Dattijo. "Ba guba?"

Na girgiza kai. Ban san ko a'a nake nufi ko wani abu ba.

"To mu yi godiya," Fasto ya ce, ya rufe ido.

Addu'ar Fasto ba ta da gajarta. Ya gode don abinci, ya gode don gidan, ya roƙa wa Babanmu da ke aiki a Kaduna kariya a hanya. Sannan ya zo kaina, ya roƙi Ubangiji ya ba ni zuciya mai tsabta da harshe mai gaskiya. Ni kuwa ina tsaye da kofin shayi a hannu, ƙirjina yana ci da wuta, ina lissafi. In na yi shiru, Fasto zai sha. Da murar nan ba zai ji warin ba, kuma shi mutum ne da ke shanye abin da aka ba shi don kada mai gida ya ji kunya. Zai hau babur ya bi ta tsakiyar kasuwa. In kuma na yi magana, za a tambaye ni yadda na sani.

Na buɗe ido kaɗan. Mama ta haɗa hannuwa a cinya, fuskarta cike da jin daɗi. Dattijo ya riƙe kofinsa kusa da haɓa, idonsa a rufe, amma ƙofofin hancinsa suna buɗewa suna rufewa.

"Amin."

Fasto ya ɗaga kofi.

"Baba Fasto." Bai ji ba. Na sake. "Baba Fasto, kada ka sha."

Ya tsaya yana kallona ta saman kofin.

"Giya ce," na ce.

"Ke!" Mama ta ce, tana dariyar da ba ta kai ciki ba. "Wayin ne. Baba, ka yi haƙuri, ba ta saba da kayan waje ba. Ɗan ɗacin molt ne ta ji."

Fasto ya yi murmushi irin na rarrashin yaro, ya sake kai kofin wajen baki. Ban shirya abin da na faɗa ba. Ya fito ne da irin muryar da nake yi wa Kaka magana a bayan ɗaki, a fili, ba rawa.

"Gaskiya ne, Baba. Ya tashi sosai. Ya fi burkutun da ya kwana ƙarfi, nesa ba kusa ba."

Ina jin firiji yana gurnani daga kicin.

Fasto ya ajiye kofin a hankali. Ya laluba aljihu ya sa tabarau, ya ɗauki kwalbar ya je bakin taga, ya juya bayanta inda aka yi rubutu ƙanana waɗanda ba wanda ya taɓa damuwa da su, har ni mai goge ta. Ya daɗe yana karantawa, leɓunansa suna motsi.

"Malama," ya ce, "giyar sha'ir ce. Sun ce an ajiye ta shekaru a cikin gangar katako da aka taɓa zuba barasa mai ƙarfi, don ta ƙara ƙarfi. Gangar da ke hoton ke nan." Ya cire tabarau ya fyace hanci. "Da na shanye kofin nan, da yau babur ne zai kai ni gida, ba ni zan kai shi ba."

Ya yi dariya, Dattijo ma ya yi. Mama ta zame daga kujera ta durƙusa tana cewa, "Wayyo, Baba, ka gafarce ni, ban sani ba, Allah ya sani ban sani ba." Fasto yana cewa ta tashi, ba komai, ai kuskure ne. Na ɗan ji numfashina ya dawo. Na ɗauka an wuce wurin.

Sai Dattijo ya gyara zama.

"To amma, yarinya. Ina ka san burkutu? Har da wanda ya kwana da wanda bai kwana ba?"

Na kalli Mama. Tana durƙushe har yanzu, hannunta ya tafi wajen ɗankwali.

"Ana jin warinsa a hanyar kasuwa," Mama ta ce da sauri.

"Malama, ni na sha abin nan shekara da shekaru kafin Ubangiji ya cece ni. Hanci yana sanin wari. Ƙarfi kuwa sai baki. Kuma 'ya tashi' ba maganar mai wucewa ba ne, maganar masu tukunya ne."

Babu inda zan sa idona. Na sa shi a kan jan kakin da ya faɗi a tire.

"A wurin Kaka," na ce.

"Kakan da ke sayar da kunu?"

Mama ce ta amsa, ba tare da ta ɗaga kai ba.

"Burkutu take yi, Baba."

Ban taɓa jin kalmar a bakinta ba sai ranar. Sannan ta juyo wurina, ta yi tambaya da ƙaramar murya, kamar mu biyu ne kawai a ɗakin.

"Tana ba ki?"

"Ba ta jin ɗanɗano, Mama. Ni nake taɓa mata. Ina tofarwa."

"Tun yaushe?"

"Tun ina firamare."

Mama ta rufe bakinta da tafin hannu. Ban san wanne ya fi mata ciwo ba, abin da na yi, ko cewa mahaifiyarta ta rasa ɗanɗano tsawon wannan lokaci ita ba ta sani ba.

Fasto ya dawo ya zauna. Ya ce in matso, na matso na durƙusa.

"'Yata, na gode da kika hana ni. Wannan ba zan manta ba. Amma ina da tambaya ɗaya. Da kwalbar nan ba ta fito ba, na tambaye ki yau ko kin taɓa kai giya bakinki, me za ki ce mini?"

Zafin abin yana nan a kunnuwana. Na so in ce da na faɗi gaskiya. Na san ba haka ba ne, domin na yi ta maimaita amsar tun daren jiya.

"Da na ce a'a."

Ya gyaɗa kai, ya daɗe yana naɗe hankicinsa.

"To ki jira Ista," ya ce. "Ba horo ba ne. Ki ci gaba da zuwa aji. Ruwan rafi ba zai ƙare ba."

Da suka tashi tafiya na kwashe tiren. Kofin Fasto cike yake kamar yadda aka zuba. Na Dattijo kuwa akwai zoben kumfa a jikin gilashin, abin da ke ciki kuma ya sauka ƙasa da zoben da kamar faɗin yatsa. Wataƙila ya zube ne lokacin da yake dariya. Na duba ledar ƙasa wajen kujerarsa, a bushe take. Ban gaya wa kowa ba.

Mama ba ta doke ni ba, ba ta ma yi faɗa ba. Ta ɗauki kwalbar da kofunan ta juye su a kwatar bayan kicin, ta bi da bokitin ruwa. Da abin ya ji ɗumin siminti sai ƙamshinsa ya tashi ya cika tsakar gida. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Malama, wane irin kek kike gasawa haka? A sam mana." Mama ta ce mata kayan miya ne suka lalace.

Labari bai tsaya a falonmu ba. Kafin sati ya zagayo wani yaro a ajinmu ya miƙo mini ledar ruwa a gaban mutane ya ce, "Madam, taɓa mana, ya tashi?" Aji ya fashe da dariya. A zumunta kuma na lura Mama ta koma layi na biyu, ta bar wata tana jan waƙa. Ba wanda ya ce ta koma. Da aka yi hutu ban je Kagoma ba. Mama ce ta hau babur ta tafi ita kaɗai, ta dawo da yamma da doya uku da jajayen idanu.

Ranar baftisma aka ba ni riƙon zannuwan da 'yan ajinmu za su rufa in sun fito daga ruwa. Na tsaya a bakin rafi da su a kafaɗa, ina kallon ƙawayena suna shiga ɗaya bayan ɗaya. Fasto yana cikin ruwa har ƙugu, wandonsa ya kumbura da iska. Mata suna waƙa suna kaɗa tulun kiɗa. Mama ta baro cikinsu ta zo ta tsaya kusa da ni, tana tafi a hankali, idonta a kan ruwa.

"Abin nan," ta ce, ba ta kalle ni ba. "Yaya yake a baki?"

Na ji fuskata ta ɗauki zafi. Tun ranar ba wanda ya yi mini wannan tambayar, kuma ita ce na fi tsoro, domin ya yi mini daɗi. Ban taɓa sa wani abu a baki da ya kai shi daɗi ba, kuma ina tsaye a bakin ruwan baftisma ina tuna shi.

"Ɗaci ne kawai, Mama," na ce.

"Yawwa," ta ce. Ta ci gaba da tafi.

Wata ƙawata ta fito daga ruwa tana rawar sanyi, haƙoranta suna haɗuwa, tana dariya tana kiran a kawo mata zane. Na sauka da gudu har takalmina ya nutse a laka. Sai da na rufa mata na ga ba nata ba ne, na wata ne, amma ta riga ta ƙanƙame shi, na bar mata.